Kada Mu Sayar da Hotunan Jiragen Binuwai



Ni ɗan kasuwa ne, to amma yau na tashi ne in roƙe ku kada ku sayar da wani abu.

Kwanakin baya ina kwashe adakar marigayi mahaifina, sai na tarar da wani tsohon hoto, duk ya yi ja. Jirgin ruwa ne mai hayaƙi, da ƙatuwar ƙafa a bayansa mai kaɗa ruwa, ga 'yan dako ɗauke da buhuna. Da labari ya bazu, wani dillalin kayan tarihi ya zo har shago ya taya. Ashe a Turai akwai masu tara irin waɗannan hotuna, har gwanjonsu ake yi. Na ce masa albarka.

Ga dalilina. Tun 1854 jirgin Pleiad ya hau Binuwai. Daga baya kamfanin Royal Niger, wanda ya sami izinin Ingila a 1886, ya kafa kantuna a Lakwaja da Loko da Ibi. Jiragen nan sai damina ta yi nisa, ruwa ya cika, sannan su isa Yola da Garwa. Su kawo gishiri da yadi da kananzir, su koma da riɗi da gyaɗa da auduga. Fatake Hausawa su ne ke bin hanyar Keffi zuwa Loko da kaya. Da jirgin ƙasa ya ratsa Lafiya, aka kuma gama gadar Makurɗi a 1932, sai ciniki ya fara barin ruwa, jama'a suka bi shi. Wasu gidajenmu ta haka suka zo garin nan.

Saboda haka hoton nan shaida ne. Ranar da jikanka ya ce, "Kaka, yaushe muka zo?" me za ka nuna masa?

Shawarata uku ce. Mai hoto ya raba shi da laima da gara. Ya kai wa dattawa tun suna raye, su faɗi wuri da mutanen ciki, a rubuta da fensir a baya. Sannan ya kawo ƙungiya ta ɗauki kwafi da waya ta adana.

Kuɗi dai ƙarewa suke yi. Allah Ya jiƙan magabatanmu.