ƊANMU YA YI LAIFI: ME ZA MU KOYA MASA?

Jawabin da aka gabatar wa dattawa, zumuntar mata da shugabannin matasa na ikilisiyoyin yankin Kebbe da Tambuwal

An ba ni magana a kan yaranmu masu tasowa da suka faɗa hannun hukuma, da kuma lafiyar hankalinsu. Abu ɗaya nake so mu koma gida da shi: riƙe zuciya abin koyo ne, kamar noma ko ɗinki. Yaron da bai iya ba, ana iya koya masa.

Halin da muke ciki

Mu 'yan kaɗan ne a wannan yanki, kowa ya san kowa. Idan yaronmu ya saci akuya ko ya fasa wa wani kai a filin ƙwallo, ba a cewa ɗan wane ne, sai a ce yaran coci ne. Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa ke nan. Saboda wannan kunya, mukan bi ɗaya daga cikin hanyoyi uku: a tura shi wurin kawunsa a wani gari, ko a yi masa dukan kawo wuƙa, ko a sa shi ƙarƙashin horo ya koma bencin baya, mutane su janye jiki. Duka ukun sunanmu suke karewa. Babu wadda take koya wa yaron abin da zai yi gobe idan zuciyarsa ta sake tashi.

Kada mu ce ai hukuma za ta gyara mana shi. Gidajen horon matasa na Bostal da suka daɗe suna aiki a Nijeriya uku ne: na Kakuri a Kaduna da aka buɗe a 1962, da na Abekuta, da na Ilori. Babu ɗaya kusa da mu. Dokar hukumar gyaran hali ta 2019 ta hana a ajiye yara tare da manya a gidan yari, ta kuma buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin gayya ga al'umma da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta. A jiharmu kuma, gwamnan wancan lokaci, Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015, ya sa hannu a dokar kare yara a 2021. Ma'anar wannan duka ita ce, yawancin yaran nan hannunmu za su dawo, wasu ma ba za su bar hannunmu ba.

Mene ne wannan koyarwa?

A 1990 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Peter Salovey da John Mayer, suka yi rubutu a kan abin da za mu iya kira hikimar sanin zuciya da sarrafa ta. Daniel Goleman ya yaɗa batun a duniya da littafinsa na 1995. A taƙaice, mutum ya gane abin da yake ji a ransa, ya iya tsai da kansa, ya gane abin da ɗan'uwansa yake ji, ya kuma iya warware saɓani da baki.

Likitoci sun nuna cewa sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke sa mutum ya dakata ya auna ƙarshen abu, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Saurayi ɗan shekara 15 kamar sabon babur ne mai ƙarfin inji wanda birkinsa bai gama kamawa ba. Idan aka ƙara masa maraici, ko firgicin tashin hankalin da ya gani da idonsa, ko ƙwaya, sai birkin ya ƙara saki. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabata. Sau da yawa abin da muke kira taurin kai, baƙin ciki ne ko tsoro da yaro bai san sunansa ba.

An gwada, an ga amfani

A birnin Shikago na Amurka akwai wani shiri na samari mai suna "Zama Namiji". A darasin farko akan ba yaro ɗaya ƙwallo ya damƙe a hannu, a ce wa abokinsa yana da daƙiƙa 30 ya karɓe ta. Kusan duka sai su hau kokawa. Bayan an gama sai malamin ya tambaya: me ya hana ka ce ya ba ka? Sai yaro ya ce ai ba zai ba ni ba. A tambayi mai ƙwallon, ya ce da ya roƙa da na ba shi. Binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna kama samarin shirin bisa laifin faɗa da rauni ya ragu da kusan rabi a lokacin da suke cikinsa.

Misali na biyu ya fi kusa da mu. A Monrobiya, babban birnin Laberiya, an ɗauki samari 999, daga cikinsu akwai masu kwana a titi, masu sata da sayar da ƙwaya. Wasu aka yi musu koyarwa ta mako 8, wasu aka ba su jarin dala 200, wasu suka sami duka biyun, wasu ba su sami kome ba. Bayan shekara 10 aka sake bin sawunsu, aka tarar laifi da faɗa sun ragu da kusan rabi a cikin waɗanda suka sami koyarwa haɗe da jari. Iyayena, ku lura da abu biyu. Masu koyarwar ba likitoci ba ne, yawancinsu mutane ne da suka taɓa yin irin wannan rayuwa suka fita. Kuma gyaran ya fi ɗorewa ga wanda ya sami abin yi a hannu.

Abin da za mu iya yi

Na farko, a koya wa yaro sunan abin da yake ji. Yaranmu kalma ɗaya suka sani: raina ya ɓaci. A zauna da shi a rarrabe: fushi ne, kunya ce, kishi ne, ko tsoro? Wanda aka yi wa gorin gidan yari a gaban 'yanmata, kunya ce ta fara kama shi kafin fushi.

Na biyu, ya san alamun jikinsa: bugun ƙirji, zafin kunne, rawar hannu. Da ya ji su, ya ja numfashi a hankali, ya ƙirga zuwa goma, ya bar wurin. Wannan ba a wa'azi ake koyonsa ba, sai da gwaji. A yi wasan kwaikwayo: wani ya tsokane shi, shi kuma ya gwada amsa, a maimaita har ya zama jiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, ya ga ciwon da ya jawo. A bar shi ya ji daga bakin matar da ya sace wa akuya cewa kuɗin makarantar ɗanta ne. Ya nemi gafara, ya biya da guminsa, a gaban dattawa da mai unguwa. Tausayin yaro ba ya nufin ɓoye laifinsa, wanda aka cuta ma yana da hakki, ko namu ne ko maƙwabcinmu ne.

Na huɗu, a ba shi babba ɗaya mai sanyin hali da zai riƙa ganinsa kowane mako, a kuma sa shi koyon sana'a: gyaran babur, walda, ko noman rani. Mu ma manya sai mun duba kanmu. Uban da ke tsawa da zagi ba zai koya wa ɗansa haƙuri ba.

Inda ƙarfinmu ya tsaya

Idan yaro ya daina barci da cin abinci, ko yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko yana maganar kashe kansa, ko ya kasa barin ƙwaya, wannan ya wuce shawara. A kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti, ɗaya ba ta hana ɗaya. Abin da ba za mu yi ba shi ne sa masa mari ko sarƙa. A 2019 ƙungiyar kare hakkin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton ɗaure masu ciwon hankali a wurare da dama a ƙasar nan, har da gidajen addu'a na Kirista. Abin kunya ne, kada a same shi a cikinmu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba irin wannan majinyaci hakkin a kula da shi cikin mutunci.

Roƙona shi ne, kafin taronmu na gaba kowace ikilisiya ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace, masu riƙe sirri, su ɗauki wannan aiki. Duk yaron da ya dawo daga hannun hukuma, su je gidansu tun a makon farko, kafin tsofaffin abokansa su riga su. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah ya shirya mana zuriya.