Orka da masuntan Matan Fada



Ni ɗan Argungu ne, tun ina ƙarami nake kallon su a Matan Fada. Kwanan nan na zauna kallon bidiyon masu binciken wata dabbar teku da ake kira orka, sai na ji kamar gida nake kallo. Orka ba kifi ba ce fa. Kamar ayu take, iska take shaƙa, nono take ba ɗanta, sai dai ita mafarauciya ce, baƙa da fari.

A gaɓar Norway, garkensu kan kewaye tarin ƙananan kifaye, su yi ta matsa su har su dunƙule wuri guda, sannan su riƙa maka musu wutsiya. Kifin ya suma, su tsince ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin masunta sun jeru da homa suna koro kifi, ai ya san wannan dabarar.

A shekarun 1970, wani ɗan Kanada, Michael Bigg, ya fara ɗaukar hoton fiffiken bayan kowace orka, domin kowace da tabonta. Da haka aka riƙa bin su shekara da shekaru, aka gano dangi-dangi suke, uwa ce ke jan gida, kuma farautar koyonta ake yi. Har an lura cewa in shekara ta yi tsanani, tsofaffin matan da suka daina haihuwa ne suka fi shiga gaba.

To ga inda abin ya taɓa ni. Akwai wani dangi a ruwan da ke tsakanin Kanada da Amurka da suka dogara da kifin salmon. Kifin ya ragu, su kuma ba su sauya abinci ba, abin da suka gada suka riƙe. A 2005 Amurka ta sa su cikin dabbobin da ke gab da ƙarewa, yanzu ba su kai 80 ba.

Mu a nan, hana su a Matan Fada sai ranar biki shi ke ba kifi damar girma. Amma bikin kansa ya tsaya bayan 2009, sai 2020 ya dawo. Yaro nawa ne ya koyi hawa gora a tsakanin nan? Mako mai zuwa zan je wajen wani tsohon masunci a unguwarmu in naɗo muryarsa. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan kai masa.