Makarantar Noma ta Kollo

 

Kun san malamin gona da ke zuwa garinku. Kun san malamin dabbobi mai yi wa shanu allura. To, ina suka koyi aikinsu? Da yawansu a Kollo suka koya. Yau hirarmu a kan wannan makaranta take.

Kollo gari ne kusa da kogin Isa, kilomita 30 da ƴan kai daga Yamai. An kafa makarantar a shekarar 1933, zamanin mulkin Faransa. A lokacin ƙarama ce. Bayan mun sami ƴancin kai a 1960, aka faɗaɗa ta. Sunanta a taƙaice IPDR, wato makarantar koyon aikin raya karkara.

Ku tuna farin 1973 da na 1984. Rumbuna suka bushe, dabbobi suka mutu, mutane suka bar gida. Wannan wahala ta nuna mana cewa damina kaɗai ba ta ciyar da ƙasa. Sai an haɗa da noman rani, da tattalin ruwa da itace. Wannan aiki kuwa yana son masu sani.

Me ake koyo a Kollo?

Na ɗaya, noma. Ɗalibi yana koyon zaɓen irin hatsi, dawa, wake da gujiya. Yana koyon sa taki da kashe ƙwari. Yana koyon aikin garka: renon iri, dashen albasa da tumatir, ban ruwa, da aurar da mangwaro.

Na biyu, kiwo: abincin dabbobi, cututtukansu da rigakafi.

Na uku, daji da ruwa: renon itatuwa, tsare gawo a gona, da farfaɗo da fako.

Na huɗu, awon ƙasa da gina hanyoyin ruwa a fadama.

Na biyar, tafiyar da ƙungiyoyin manoma da lissafin kuɗinsu.

Karatun ba na zama cikin aji ba ne kawai. Ɗalibi yana shiga gona, yana riƙe hauya. Ana kuma tura shi karkara ya yi aiki tare da manoma. Gani ya kori ji.

Ana ɗaukar samari da ƴan mata waɗanda suka gama kolej suka sami takardar BEPC. Saboda haka, ƴan uwa, kada ku fitar da yaro daga makaranta don kuna tsoron zai ƙi gona. Akwai karatun da ke maido shi gona. Kada kuma ku hana ƴa mace. Mata masu garka sun fi sakin jiki da malama mace.

Ku da kuka koyi karatu yanzu, ga naku aiki. In malamin gona ya zo, ku fito da takarda. Ku rubuta sunan iri, ranar shuka, da yawan taki. Da kaka ku ƙirga dammunanku, ku gwada da na bara. Ku ma ku faɗa masa abin da kuka sani, don kun riga shi sanin ƙasarku.

Ga tambaya ku tattauna a wurin karatunku: yara nawa na garinku za su gama kolej bana?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu damina mai albarka.