Zafi, Ruwa da Cuta a Cikin Ganuwa: Wa Ke Riƙe da Lissafin?

 

Kano na cikin garuruwan Afirka ta Yamma da suka fi daɗewa ana auna ruwan samansu, fiye da shekara ɗari ke nan. Daga wannan lissafi muka san girman farin 1973 da na 1984, muka kuma san ruwa ya farfaɗo bayansu, amma da wata sabuwar ɗabi'a. Binciken da mujallar Nature ta buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Lissafin sama muna da shi. Na jikin mutanen da ke ƙarƙashinta fa?

Mu fara da damina. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa don ƙasar gini su ne ke shanye ambaliyar birni. An cike da yawansu an gina gidaje da shaguna, lambatu kuma leda ta toshe. Idan ruwan mako guda ya sauka cikin dare ɗaya, rafin Jakara ba ya iya kwashe shi, sai ya haɗe da masai ya gangara rijiyoyi. Ta nan amai da gudawa ke shigowa, kamar a 2021, lokacin da Najeriya ta samu fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu, Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ruwan da ya kwanta kuma sauro ke gadonsa. Maganin rigakafin zazzaɓin da ake bai wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar wata-wata an tsara shi ne bisa kalandar damina. In damina ta gusa, dole kalandar ta bi ta.

Sai rani. Ƙura da busasshiyar iska suna raunana hanci da maƙogwaro, cunkoson ɗaki ya ƙarasa aikin, sanƙarau ya samu ƙofa. Dattawa ba su manta 1996 ba, shekarar da cutar ta kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan, Asibitin Zana ya cika ya batse.

Zafin bazara shi ne mai kisan mummuƙe. A Afrilun 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, kuma masana da suka nazarci lamarin sun ce da ba don ɗumamar duniya ba, da bai kai haka ba. Mu kuwa mun sauya ginin ƙasa da azara zuwa bulo da kwano, waɗanda ke riƙe zafi har tsakar dare. Tsoho mai hawan jini ko ciwon ƙoda in ya cika a irin wannan dare, sai a ce ajali, kuma gaskiya ne. Amma sanin sababi bai saɓa wa imani da ƙaddara ba.

A nan giɓin yake. Hukumar NiMet na da alƙaluman yanayi, NCDC na tattara na annoba, Asibitin Murtala da na yara na Hasiya Bayero suna da rajista. Sai dai mai zazzaɓi yakan fara da kemis ɗin bakin layi, mamaci kuma mukan kai shi makwanci cikin sa'o'i kaɗan ba tare da takarda ba. Ku tuna Afrilun 2020: masu haƙa kabari ne suka fara ankarar da jama'a cewa mace-mace sun yi yawa, sai daga baya hukuma ta bi gida-gida tana tambaya.

Shawarata uku ce. Kowace maƙabarta, daga Ɗandolo zuwa ta Ƙofar Mazugal, ta samu littafin da za a rubuta rana, shekaru da unguwar mamaci. Kowane mai unguwa, tare da kemis da asibitin sha-ka-tafi na yankinsa, ya miƙa adadin masu zazzaɓi da gudawa duk mako. Masarauta ta riga ta nuna tana iya irin wannan aiki a yaƙin shan inna. Sannan Jami'ar Bayero ta jera waɗannan alƙaluma kusa da na zafi da ruwa, ta fitar da sakamako da Hausa a rediyo.

Da haka za mu bambance laifin sauyin yanayi da laifin kwatar da muka toshe da hannunmu, mu san unguwar da za a fara kai wa magani kafin hadari ya haɗo. Kuɗin littafi da biro bai fi ƙarfin kowace unguwa ba.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.