Tukunya da Alƙalami: Labarin Doris Longacre

 A wannan biki na Jubili an dafa, an ci, an ƙoshi, mun kuwa gode wa Allah. Saboda haka ina so in ba ku labarin wata baiwar Allah wadda ta bauta masa da tukunya da alƙalami tare.

Sunanta Doris Janzen Longacre. An haife ta a jihar Kansas ta ƙasar Amurka cikin shekara ta 1940, a gidan masu bi na ikilisiyar Menonait. Ta yi karatun aikin gida da sanin abinci mai gina jiki. Bayan aurenta, ita da mijinta suka tafi Biyetnam a shekara ta 1964, lokacin yaƙi, suna aikin agaji. Daga baya suka yi aiki a Indonesiya. A can ta zauna tare da mata matalauta, ta ga yadda su ke ciyad da gida duka da ɗan shinkafa da ganye, abincin kuwa da daɗi.

Dattawanmu ba su manta da yunwar 1973 da 1974 ba, sa'ad da ruwa ya ƙi, shanu suka mutu, rumbuna suka zama wofi. A waɗannan shekaru hatsi ya yi tsada ko'ina a duniya. Kwamitin agaji na Menonait, wanda aka kafa a 1920 domin ciyad da masu yunwa a Rasha, ya roƙi mutanensa su rage kashi ɗaya cikin goma na abincinsu, domin a sami abin aika wa mabukata. Amma uwargida za ta ce, yaya zan rage, yara kuwa su ƙoshi? Amsar wannan tambaya ce Doris ta zauna ta rubuta.

Ta roƙi masu bi a ƙasashe da yawa su aiko mata da irin girkinsu. Aka gwada, aka zaɓi wajen 500, littafin ya fito a 1976 da sunan More-with-Less, watau samun yalwa da abu kaɗan. Ba ta ce a ƙi abinci ba, gama ita mai son abinci ce ƙwarai. Abin da ta koya shi ne a rage nama da sukari da abincin gwangwani mai tsada, a haɗa hatsi da wake, domin haɗuwarsu tana gina jiki. Ku lura, uwayenmu sun riga sun san wannan: shinkafa da wake, ƙosai da kunu, ɗan wake. Abin da wasunmu su ke renawa, shi ne ta ke koya wa mawadata.

A ƙarshen surorin littafin ta sa shawara a kan ragowar abinci, tana tunawa da Yohanna sura 6. Ubangiji Yesu ya ciyad da maza dubu biyar, duk da haka ya sa almajirai suka tattara gutsattsarin, har kwando goma sha biyu. Shi da ya iya yawaita gurasa bai yarda a zubar da ita ba. Mu fa?

Littafin ya watsu ƙwarai, kuɗinsa kuwa ya shiga aikin agaji. Amma ciwon daji ya kama ta. Tana kan gado tana rubuta littafi na biyu, a kan zaman sauƙi cikin sutura da gida da kuɗi. Ta rasu a 1979, tana da shekara 39, ta bar 'ya'ya mata biyu. Mijinta ya ƙarasa aikin, aka buga shi a 1980.

To, 'yan'uwa, me za mu ɗauka? Na fari, madafa wurin bauta ne. Macen da ta ke tuƙa tuwo da godiya, ta zuba wa baƙo, tana aikin Allah kamar mai wa'azi. Na biyu, mu yi hankali da kaka. Mutum ya sayar da gero da araha domin bikin da ya fi ƙarfinsa, sa'an nan da damina ya ci bashi ya saye shi da tsada, yaransa suna kwana da yunwa. Wannan ba karimci ba ne. Na uku, wanda ya iya rubutu, ya rubuta. Tsofaffinmu sun san ganyayen daji da su ke cetar gida a shekarar fari, sun san yadda a ke ajiye wake kada ƙwaro ya ci. In ba a rubuta ba, za su tafi da shi kabari.

Cikin Littafin Firistoci sura 25, shekarar Jubili ita ce shekarar da matalauci ya ke komawa gonarsa. Bari kowane gida a cikinmu ya keɓe tiya ɗaya daga girbin bana, a tara a ikilisiya domin gwauraye da marayu kafin damina ta zo. Allah shi taimake mu. Amin.