Masauki da Marmaro: Abin Lura Daga Gandun Yellowstone



A shekarar 1872 Gwamnatin Amurka ta keɓe Yellowstone ya zama gandun ƙasa. Abin da ya sa ya yi suna shi ne marmaro masu feshin ruwan zafi, kimanin 500, watau fiye da rabin na duniya duka. Ruwan sama da na ƙanƙara kan tsiyaye can ƙarƙashin ƙasa, ya tarar da duwatsu masu zafi. Da yake mafitarsa ƙunƙuntacciya ce, sai ya yi ta ɗaukar zafi, har tururi ya ingizo shi sama da ƙarfi. Mafi shahara a cikinsu, Old Faithful, yakan yi feshi kusan kowane minti 90, tsawon feshin ya fi ƙafa 100.

Dab da shi aka gina masaukin Old Faithful Inn, wanda Robert Reamer ya tsara, aka buɗe a 1904. Da gungumomin itace da duwatsun wurin aka yi shi. Girgizar ƙasa ta 1959 ta yi masa ta'adi, aka gyara. Gobarar daji ta 1988 ta zo masa gab, aka cece shi.

To, a nan ne muke son a lura. Gini idan ya tsage, magina na nan. Marmaro kuwa idan ya toshe, ba mai iya gyara shi. A cikin wannan gandu akwai tafkin Morning Glory, wanda baƙi suka dinga jefa wa kuɗi da tarkace, har zafinsa ya ragu, launinsa ya sāke. A ƙasar New Zealand kuma, tashar lantarki ta Wairakei ta fara aiki da tururin ƙasa a 1958, marmaro masu feshi na kwarin da ke kusa suka mutu.

Mu ma muna da masaukin Wikki a Yankari, wanda ya dogara ga ruwan ɗumin da ke kusa da shi. Da yawa daga cikinmu gobe su ne za su sa hannu a takardun gini, da haƙar rijiya, da zubar da shara a irin waɗannan wurare. Lalle ne kafin mu sa hannu mu tambaya me aikin zai yi wa marmaron, domin shi baƙo ya zo gani, ɗakin kwana na biye ne.