Cutar da Ba a Rubuta Sunanta Ba, Wa Zai Biya Kuɗin Maganinta?



Ƙaramar lalura na ɗauko domin mu auna babban al'amari da ita. A gefen ƙafa ta waje, daidai gindin ƙaramin yatsa, wani ƙullutu yakan fito, ƙashin wurin ya turo waje, yatsan ya karkata ciki, takalmi ya riƙa gugarsa har ya yi ja ya yi kanta. Turawa sun jingina shi ga teloli, domin a da suna wuni zaune a harɗe, gefen ƙafarsu na gogar ƙasa. Wanda ya san zaman baduku a rumfarsa ko zaman malami a kan buzu ya san irin wannan zama. Likitoci sun fi danganta asalinsa ga ƙirar ƙafar da mutum ya gada, matsattsen takalmi kuwa yana tsananta shi. Yawanci takalmi mai faɗin baki da ɗan matashi mai laushi da maganin rage zafi sun wadatar, sai idan abin ya ƙi ne ake ɗaukar hoton ƙashi a yi maganar tiyata.

Hujjata ita ce, a tsarin inshorar lafiya, kuɗi suna bin suna ne, sunan kuwa lamba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundin rarraba cututtuka, ICD, wanda aka amince da bugunsa na goma a 1990, na sha ɗaya kuma ya fara aiki a Janairun 2022. Amurka ta faɗaɗa bugu na goma domin lissafin asibitocinta, a Oktoban 2016 ta ware wa wannan ƙullutu lambarsa: M21.621 idan a ƙafar dama yake, M21.622 idan a hagu. Aikin da aka yi kuma yana da tasa lambar daban, kamar 28110 ta sassaƙe kan ƙashin. Mai biya yana duba ko lambobin biyu sun dace da juna. In takarda ta ce dama, aiki ya ce hagu, sai a mayar da ita.

To mene ne ruwanmu? Ruwanmu shi ne Nijeriya ta kama wannan hanya. Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta 2022 ta wajabta inshora, Jihar Sakkwato kuma tana da hukumarta ta taimakekeniya, SOCHEMA. A irin wannan tsari, ƙaramin asibiti yakan karɓi kuɗi gwargwadon yawan mutanen da suka yi rajista da shi, amma idan aka tura majiyyaci gaba, sai an nemi izini kuma a biya aiki-aiki. Ku duba mutumin da ya taso daga wani ƙauye a Shagari, aka rubuta masa "ciwon ƙafa" kawai, aka tura shi asibitin ƙashi na Wamakko ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ciwon ƙafa yana iya zama ƙaya, ko sanyin ƙashi, ko targaɗe. Mai ba da izini ba shi da abin kamawa, sai takarda ta kwanta, mutum ya sa hannu a aljihu ko ya koma gida.

Wani zai ce, a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da mutuwar mata wajen haihuwa suka addabe mu, ina mu ina ƙullutun yatsa? Wannan magana ce mai nauyi, kuma babu mai hankalin da zai fifita yatsa a kan ran yaro. Sai dai hannun da ya saba rubuta "ciwon ƙafa" shi ne yake rubuta "zazzaɓi" ga kowane zafin jiki, ko na sauro ne ko taifot. Alƙaluman da ake shigarwa a manhajar DHIS2, waɗanda ake tsara rabon magani da ma'aikata da su, daga waɗannan rajistoci suke fitowa. Kuma ga mai ciwon suga, wurin da takalmi ke guga shi ne ƙofar gyambo, gyambon da kan kai ga yanke ƙafa. Abin da aka raina, shi kan tsone ido.

Wani kuma zai ce lamba tana buɗe ƙofar cuwa-cuwa: idan tiyata ta fi shawarar sauya takalmi kawo kuɗi, asibiti zai karkata ga wuƙa. Haɗarin gaskiya ne, ƙasashen da suka riga mu suna fama da shi. Amma rubutu maras fayyacewa shi ya fi ɓoye ɓarna. Idan aka ce wace ƙafa, me aka gwada tukuna, me hoto ya nuna, mai bincike yana da abin tuhuma. Ba kuma sai mun kwaso dubban lambobin Amurka ba. Gajeren jeri na lalurorin da aka fi gani a yankinmu, da fassararsa ta Hausa, manne a teburin mai duba marasa lafiya, ya isa a fara.

Saboda haka roƙona uku ne. Ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari su horar da ma'aikatan ajiye bayanai, su daina ɗaukar ɗakin kati a matsayin wurin jefa wanda ba shi da aiki. Masu dubawa su rubuta sunan lalura da ɓangaren jiki kafin su sa hannu. Ku kuma jama'a, ku tambayi abin da aka rubuta muku, ku adana takardar turawa.

A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa, a Bodinga ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna yana rubutu. Mutanen da suka gaji irin wannan kula da alƙalami bai kamata katin asibitinsu ya zama mafi raunin rubutu a yankin ba.